Gwani Yana Neman Gadon Tausa

Mijin yayata mai tausa ne, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan Gwani. Babu wanda ya ba shi. Wata rana kawai ya fara cewa "in Gwani ya taɓa ka" a cikin hira, mutane suka yi dariya, ya maimaita, suka gaji da dariyar, sunan ya zauna. Ni tun ina 'yar makaranta nake kiransa da shi, da irin muryar da ta sa har yau bai tabbatar ko yabo nake yi ko zagi ba. Ƙanwar matarsa ce ni, ina da lasisin tsokana, kuma ban taɓa barin lasisin ya mutu ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa tun da wuri, don kar a ce ƙiyayya ce ke magana: ya iya aikinsa. Yana saurayi ya fara, yana ɗaukar wa wata ƙungiyar ƙwallo bokitin ƙanƙara da tawul, har wani tsoho mai kula da 'yan wasan ya koya masa inda jijiya take ɗaurewa da yadda ake lallashinta ta saki. Daga nan ya samu aiki a wani babban otal, aka ba shi farar riga mai gajeren hannu da ɗaki mai ƙanshin turare. A nan ya yi furfura, yana murza kafaɗun manyan mutane masu tumbi waɗanda zaman kujera ya gajiyar. Su shiga ɗakinsa a karkace, su fito a miƙe suna sa masa albarka. Ya san wane babba ne ke da ciwon wuya, wane ne ke munshari da zarar an taɓa shi, kuma duk mun sani tare da shi, don bakinsa ba ya ajiya.

A gida kuwa hannun Gwani hutu yake yi. Dokarsa ce tun yana ango: hannu jarinsa ne, jari kuma ba a wasa da shi. Ba ya ɗaukar bokiti. Ba ya buɗe gwangwani. In tukunyar gas ta ƙare, Yaya ce ke jan ta har bakin titi, shi kuma yana daga baranda yana koya mata yadda ake durƙusawa don kar baya ya samu matsala. Lokacin da yaransu suke jarirai yakan karɓe su na ɗan lokaci, ya miƙa da sauri, wai wuyan hannu ba ya son nauyi mai motsi. In ya dawo aiki sai ya jiƙa hannayen a ruwan ɗumi, ya shafe su da mai, ya kwantar da su a kan matashi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana kallon labarai. Ko rimot Yaya ce ke danna masa in mai bai gama shiga ba.

Yaya tela ce. Da keken ɗinkinta aka biya rabin kuɗin makarantar yara, ko da yake a bakin Gwani ɗinki abin ɗebe kewa ne. Tana yanka yadi a ƙasa a sunkuye, tana ɗinki a sunkuye, tana guga a sunkuye, har bayanta ya gaji ya fara kai ƙara. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya yi ta hawa a hankali har ya samu masauki a tsakanin kafaɗunta. Ta gaya masa tun farkon abin. Ya saurara da kyau, ya faɗa mata sunan naman da ke ciwo, suna mai tsawo da ko shi sai da ya numfasa a tsakiyarsa, sannan ya ce ta riƙa sa ruwan zafi a kwalba tana jinginawa, ta shafa man zafi. Bai faɗi wanda zai shafa mata a inda hannunta ba ya kaiwa ba. In ina gidan, ni ke shafawa, da hannuna na 'yar koyo. In ba na nan, sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ɗinki ta riƙa goga bayanta a jikin katakon, har fentin wurin ya koɗe daidai tsayin kafaɗarta. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha, kuma na gaya masa hakan a gaban baƙi ba sau ɗaya ba. Dariya yake yi ya ce Auta ba ta da kunya.

Yaya ba ta sake roƙonsa ba. Irin matan nan ne da in suka nemi abu sau ɗaya ba a ba su ba, sai su haɗiye shi har abada. Wannan halin nata yana ƙona min rai fiye da halinsa.

Sai otal ya canja hannu. Sabon manaja ya kawo kujerun tausa masu aiki da lantarki, baƙaƙe, masu maɓallai, ba sa neman albashi kuma ba sa ba da labarin kowa. Aka yi wa Gwani jawabi mai daɗi, aka ba shi agogon bango da kuɗin sallama da bai taka kara ya karya ba. Ya yi kwanaki a gida yana zagin kujeru. Ya ce na'ura ba ta da ido a yatsa, kuma a nan ban yi masa musu ba. Da zagin ya ƙare sai ya sanar cewa zai buɗe nasa wurin a gida, tsofaffin mutanensa za su biyo shi, wanda ba zai iya zuwa ba shi zai je masa. Abu biyu kawai yake buƙata, ɗaki da gado.

Ɗakin bai ba shi wahala ba. Ɗakin ɗinkin Yaya ne kaɗai ke kusa da ƙofar shigowa, ga taga babba, ga fanka. Ta kwashe keke da teburin guga da buhunan ƙyalle ta mayar lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda ko da rana sai an kunna fitila. Ita ta kwashe, da bayan nan nata, shi yana nuna mata inda za ta bi don kar ta karce bango. Da na zo na gani sai fushi ya kama ni. Na bi Yaya kicin na rufe ƙofa, na ce mata haƙurinta ya wuce haƙuri ya zama wauta, ɗakin da take cin abinci da shi ta ba wanda ko ruwa ba ya miƙo mata. Ta bar ni na zazzage duk abin da ke cikina tana wanke kofuna. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Auta, in gadon nan ya shigo gidan nan, ai dole wata rana a wayi gari babu kowa a kansa."

Ashe lissafin da take yi ke nan. Shekara da shekaru yana cewa tausa ba a yin ta a kan katifa ko a ƙasa, sai a gadonta, gado kuma yana otal. To ga gado zai zo gida. Ta ba da ɗakinta ne don ta ƙwace masa hujjarsa ta ƙarshe, ko Allah zai sa wata rana hannun nan ya sauka a bayanta. Na ji tausayinta har na rasa inda zan sa idona, sai na ɗauki tsumma na hau goge kofin da ya riga ya bushe.

Neman gado ya zama sana'ar Gwani ta biyu. Yana son gado mai ƙarfi kamar na otal, mai sauƙin ɗauka don shiga tasi, mai naɗewa biyu, mai soso mai kauri, mai fatar da mai ba ya cinye ta, mai ƙafafun da ake ɗagawa a sauke, mai ramin sa fuska, kuma a kuɗin da ko kujerar roba mai kyau sai an yi ciniki. Na ce masa arha ba ta ado. Ya ce wanda bai iya sayayya ba ne ya ƙirƙiro karin maganar.

Wurin kafinta ya fara zuwa. Ya zana masa gadon a bayan kwali, ya yi masa bayani har kafinta ya fara hamma. Abin da aka kawo bayan mako da makonni sai da ƙarti suka shigo da shi suna nishi. Ba ya naɗewa, ba ya ɗaguwa, tsayinsa ya kai wa Gwani ƙirji, ramin fuskar kuma kafinta ya yanke shi da fili da yalwa har ya fi kama da bakin masai. Yaya ta hau ta sa fuska, kanta ya wuce har wuya. Aka yi rigima, kafinta ya rantse abin da aka zana masa ya yi, ya nuna kwalin, kuma da na duba zanen sai na goyi bayan kafinta. Gadon yana bayan gida yanzu ana shanya a kansa.

Daga nan aka koma shagunan kayan asibiti, kuma a nan Gwani ya fito da dabarar da yake alfahari da ita. Ya ce gado ba a gane shi babu kowa a kai, dole a ɗora masa nauyi. Shi siriri ne, iska mai ƙarfi tana iya canja masa hanya. Yaya kuwa Allah ya yi mata jiki. Don haka duk inda za a je ganin gado, da ita ake tafiya. Ni kuma ana ɗaukata don bakina, in yi ciniki, in kushe kaya.

Na ga abin takaici a shagunan nan. Yaya takan yi wanka ta sa kaya masu kyau, kamar mai zuwa ganin likita. A buɗe gado a tsakiyar shago, tsakanin kekunan guragu da kwalayen safar hannu, ya ce mata ta hau. Ta cire takalmi, ta hau a hankali tana cije leɓe, ta kwanta rub da ciki, ta sa fuska a rami. Shi kuma ya durƙusa ya shige ƙarƙashin gadon. Ya ja wayoyin da ke riƙe ƙafafu, ya ƙwanƙwasa katako, ya murɗa noti, ya shinshina fata, ya tsunkuli soso a gefen kafaɗarta ya ƙirga yadda yake dawowa. Daga ƙasa yake ba ta umarni: ta motsa, ta juya, ta saki jikinta, ta ƙara nauyi ta hagu. Hannayen nan masu daraja sun shafa kowane lungu na kowane gado, sun zagaye Yaya ta kowace kusurwa, ba su taɓa kuskuren sauka a kanta ba. A wani shago ma ya gaya wa mai kaya, yana dariya, cewa gadon da ya ɗauki wannan zai ɗauki kowa. Mai shagon ya yi dariyar da ake yi wa mai saye. Ni na ce masa gadon da ya ɗauki girman kansa ne ba a ƙera ba tukuna.

Kowane gado da laifinsa. Mai ƙafar katako ya yi nauyi, zai kashe masa wuyan hannu. Mai ƙafar alminiyam yana rawa. Wannan ya yi faɗi, sai ya yi miƙa kafin ya kai tsakiyar baya. Wancan ya yi siriri, mai tumbi zai zubo ta gefe. Wani sosonsa kamar an shimfiɗa tawul a kan allo. Amma na lura laifin yakan bayyana ne daidai lokacin da aka faɗi farashi. Sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce wa Yaya ta sauko, mu fita mu nemi bas. A hanya yakan yi mana lacca a kan yadda 'yan kasuwa suka lalace. Yaya tana zaune a bakin taga, ta tura jakarta tsakanin bayanta da kujera.

Na gaji na ce ba zan sake zuwa ba. Na roƙe ta ita ma ta daina, ya ɗauki buhun siminti ya riƙa yawo da shi in nauyi yake so. Ta ce ai an kusa.

Wata ƙawata ce ta ba ni labarin wata mai shagon gyaran gashi da ta taɓa buɗe sashen tausa a bayan labule, bai karɓe ta ba, tana son ta rabu da gadon don ta sa na'urar busar da gashi a wurin. Na gaya wa Gwani don a huta. Muka je da hantsi, shagon babu kowa sai ita, yarinya ce doguwa mai dogayen farata, tana taunar cingam tana latsa waya. Ta nuna mana gadon da haɓa. Yana jingine da bango cikin jakarsa, ƙura ta hau shi, amma da aka buɗe sai na ga idon Gwani ya yi haske, ya yi sauri ya ɓata rai don kar a gani. Ƙafafun katako ne marasa nauyi, soso mai kauri, fata babu ko tsaga, ramin fuska da ɗan matashinsa mai zagaye. Yaya ta cire takalmi tun kafin a ce mata.

Ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya girgiza, ya ƙwanƙwasa, ya nemi laifi har gumi ya karyo masa. Da mai shagon ta faɗi kuɗin sai ya yi tari, don ko rabin abin da ya yi tsammani bai kai ba. Amma Gwani ba zai sayi abu bai kushe ba. Ya ce yana zargin gadon zai yi ƙara in ana aiki a kansa, kuma babban mutum ba ya son ƙara a ƙarƙashin cikinsa, don haka a rage wani abu saboda zargin.

Mai shago ta ɗago daga waya karo na farko. Ta ce ita ba ta rage kuɗi a kan zargi, kuma ba ta karɓar kaya in ya fita. Tunda shi mai tausa ne, ga mutum a kwance, ya yi aikin a gabanta. In gadon ya yi ƙara ta rage, in bai yi ba ya biya ya ɗauka.

Ya yi ƙoƙarin zillewa. Ya danna soso a gefen Yaya da tafin hannu, ya ce ai daidai ne. Yarinyar ta ce ba daidai ba ne, ta ga yadda ake yi, a jikin mutum ake dannawa. Ya dube ni, na ɗauke kai ina karanta hotunan kitso a bango. Ragi ne a gabansa, kuma ban taɓa ganin Gwani ya juya wa ragi baya ba. Ya cire agogo ya sa a aljihu. Ya karɓi babban tawul daga mai shago ya lulluɓe Yaya daga wuya zuwa ƙafa, ya murza tafukansa har suka yi ɗumi, ya ce kowa ya yi shiru zai saurari gado.

Ya ɗora hannu a gefen hagu na bayanta ya danna, kunnensa a karkace wajen ƙafafun gadon. Babu ƙara. Ya matsa sama ya sake dannawa da nauyin jikinsa. Babu ƙara. Na ga yatsun ƙafar Yaya sun dunƙule sun saki. A dannawa ta gaba sai na lura kunnen ya daina bin gado. Idonsa ya rufe, kafaɗunsa suka sauka, babban yatsansa ya tsaya a wani wuri ƙarƙashin kafaɗa, ya koma, ya zagaya, ya sake komawa. Ban taɓa ganinsa yana aiki ba sai ranar, kuma dole in yarda abin kallo ne. Duk surutu da fankama sun zube, sai wani mutum mai natsuwa da ban sani ba. Tawul ya rufe jiki, rami ya haɗiye fuska, abin da ke gabansa baya ne kawai, irin wanda ya saba samu a kwance. Yana bin ƙullin nama ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai, sai bakinsa ya bi hannunsa, da wata murya mai laushi da ladabi da ba mu taɓa jin ta a gida ba.

"Kai, wannan baya an bar shi ya lalace. Wannan ai ba ciwon bana ba ne. Duk gidan babu mai ɗan taɓa shi ne?"

Muryar Yaya ta fito daga ƙarƙashin gado, tana magana da simintin ƙasa.

"Akwai mai tausa a gidan. Layi ne bai zo kaina ba."

Hannunsa ya tsaya cak. Ya buɗe ido ya dubi ɗankwalin da ke gabansa, ɗankwalin da ya gani a kanta tun safe. Mai shago ta daina tauna. Ni da aka ɗauko don bakina, na ga babu sauran aikina, don fuskarsa ta riga ta yi abin da na yi shekaru ina nema bakina ya yi mata. Ya dubi hannayensa a kan tawul kamar na aro ne, ya fara janye su a hankali.

"Hagu kawai ka gwada," in ji Yaya, ba ta ɗago ba. "Saura dama."

Gwani ya zagaya ta dama ya naɗe hannun riga. Mai shago ta buɗe baki za ta yi maganar kuɗi, na jawo mata kujera na ce ta zauna, gwajin nan zai ɗauki lokaci.